Yadda Ɗan'azumi Ya Koyi Soja Daga Cikin Rake

A shekarun farko bayan Turawa sun miƙa mulki, lokacin da kowane saurayi yake jin ƙasar ta dawo aljihunsa, an yi wani mutum a Dandamisa ta ƙasar Makarfi ana ce da shi Ɗan'azumi. Ba mugu ba ne, kuma ba za a kira shi rago ba. Matsalarsa ɗaya ce, bakinsa ya fi hannunsa sauri. In ana hirar farauta, shi ya taɓa riƙe kura ta wutsiya. In ana hirar mota, saura ƙiris ya zama direba. Mutanen gari sun saba da shi, sukan bar shi ya yi ta zuba har ya gaji don kansa.

A injin rake na kawunsa Inuwa yake aiki. Injin irin na da ne, manyan ƙarafa masu murza juna, da doguwar itace a sama wadda doki yake ja yana zagayawa. Ana cusa rake ta gefe guda, ruwan ya tsiyaya, a dafa shi ya zama mazarƙwaila. Ɗan'azumi ne mai cusawa. Tukur ɗan Kawu Inuwa shi ke wajen wuta, kuma da yake taubasai ne, tun suna yara kowa yake kiran ɗan'uwansa bawansa, ba a taɓa raba gardamar ba.

Ana tsakiyar matsa, rake ya yi tsibi a bakin inji, sai aka yi shela a kasuwar Makarfi cewa masu ɗaukar soja za su sauka a Ikara nan da 'yan makonni. Za a duba tsawo da faɗin ƙirji, a duba tafiya da gudu, sannan akwai wani sabon abu wai shi gwajin basira, wanda ba ruwansa da karatu, kan mutum kawai ake aunawa.

Ɗan'azumi ya dawo daga kasuwa yana taku ɗai-ɗai. Ya je bakin inji, ya ajiye wuƙarsa a gaban kowa, ya ce daga yau hannunsa ya bar taɓa rake, ko na sha ne sai dai a fere masa. Ya ce tuni ya gaya wa matarsa Zulai ta fara ɗaure kaya, barikin Zariya za su koma, inda ruwa ke fitowa daga bango in an murɗa ƙarfe.

Kawu Inuwa ya dube shi, ya dubi tsibin rake, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Amma ka ji da kyau, wurin nan ba zai zauna yana jiranka ba. In sun ɗauke ka, ka huta, mu ma mun huta. In ba su ɗauke ka ba, ka nemi inda za ka riƙa cin tuwo."

Tukur ya ɗago daga bakin wuta ya ce, "Bawana, in suka ƙwanƙwasa kan nan suka ji ba kowa a ciki fa?"

"Kai dai ci gaba da juya ruwan rake. Ranar da na dawo da kaki, kai za ka riƙa goge mini takalmi."

Duk da haka Tukur ne ya ba shi labarin wani tsohon soja da ke zaune a bayan garin Makarfi, Kofur Ilisha, mutumin kudancin Zariya da ya yi yaƙin Bama, ya dawo ya kama noman dankali a bakin fadama. Samari daga ƙauyuka suna zuwa yana shirya su, kuma ba ya karɓar ko anini. Jin cewa ba a biya, Ɗan'azumi ya ce wannan shi ne malamin da ya dace da shi.

Ya same shi zaune a kan benci ƙarƙashin mangwaro, yana gyara ƙotar fartanya. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka tambayi mutanen Dandamisa. Sannan Ɗan'azumi ya gyara murya.

"Baba Kofur, ni fa kusan komai na iya. Ɗan gyara kawai nake so."

"Madalla," in ji Kofur. "Ga fartanya nan na kusa gamawa. Gobe da safe sai mu fara gyaran daga kunyar dankali, da la'asar kuma a yi fareti."

Ɗan'azumi ya ce a'a, shi da ya ajiye wuƙar rake ai ba zai ɗauki fartanya ba, kuma cewa aka yi ba a biya. Kofur ya yi murmushi ya ce gaskiya aka gaya masa, ba a biya da aljihu, da gadon baya ake biya. Suka ɗan ja magana, Ɗan'azumi ya yi sallama ya tashi. Har ya tafi, tsohon bai miƙe daga kan bencin nan ba.

A hanyar komawa ne dabara ta faɗo masa. Filin da ake faretin yana bakin rafi, a ƙetare kuma ga wata gonar rake ta yi duhu. Ya tsaya ya auna da ido, ya yi dariya shi kaɗai. Abin da ake koyarwa a fili, ina dalilin da mutum zai karya bayansa a kai? Waɗancan su yi ta noma, shi zai kwashe ilimin da ido, a ɓagas.

Daga ranar, kullum la'asar sai ya ƙetare rafi ya tsuguna cikin rake. Da Tukur ya gano inda yake zuwa, ya tuna masa rantsuwarsa. Ɗan'azumi ya ce shi bai taɓa rake ba, raken ne ke taɓa shi. Kuma lalle yana taɓa shi, don kullum da ƙaiƙayi yake dawowa gida, wuyansa duk shatar ganye.

Daga cikin raken ana gani sarai, ji ne dai ba a yi. Ya ga samari sun yi layi, ya ga Kofur ya fito gabansu yana nuna musu tafiya. Samarin suna tafiya sak kamar kowa. Shi kuwa Kofur sai ya jefa ƙafar dama gaba, ya jawo ta hagu a miƙe kamar taɓarya, kafaɗa ta ɗan nutse, ya ɗago, ya sake jefa ta dama. Ɗan'azumi ya riƙe baki. Ashe ga inda sirrin yake. Su yaran ba su kai wurin ba tukuna, shi ya sa suke tafiya irin ta 'yan kasuwa. Takun malamin shi ne takun soja na ainihi, kuma shi ba zai ɓata lokaci a kan na 'yan koyo ba.

Abin da bai sani ba, kuma babu kowa a cikin raken da zai gaya masa, shi ne akwai guntun ƙarfe a gwiwar Kofur ta hagu tun daga dajin Bama, ƙafar ba ta lanƙwasawa.

Ɗan'azumi ya kama takun nan ba ji ba gani. Da shi yake zuwa rijiya, da shi yake zuwa masallaci. In ya zo wucewa ta majalisa sai ya ƙara nutsar da kafaɗa don a gani da kyau. Mutane suka fara yi masa sannu. Ya ce su riƙe sannunsu, nan gaba za su gane. Zulai ta tambaye shi ko faɗuwa ya yi, ya ce maganar maza ce. Ta kai zancen wurin Gwaggo Hajo, maƙwabciyarsu mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ba ta taɓa jin ciwo a unguwa ta bar shi ya kwana ba magani ba. Gwaggo Hajo ta leƙo ta katanga ta ga tafiyar, ta ce targaɗe ne ya tsufa, in ba a yi maza ba ƙafar za ta shanye. Ta aika aka kira Ashafa maɗori.

Ɗan'azumi yana shan kunu a zaure sai ga Ashafa da man shanu da karare, ga ƙarti a bayansa, ga Tukur a gaba yana ta jimami kamar gaske. Ɗan'azumi ya ce lafiyarsa ƙalau. Ashafa ya ce duk haka suke cewa. Ɗan'azumi ya ce wallahi da gangan yake yi. Ashafa ya dubi ƙartin ya ce abin ya fara taɓa kai, a riƙe shi da kyau. Tukur, wanda ya san komai, shi ya zauna masa a ƙirji yana cewa, "Yi haƙuri bawana, yanzu za a gama." Ashafa ya ja ƙafar nan, ya murɗa, ya lalubi karaya bai samu ba, ya ce ta ɓuya ne, ya ƙara ja. Ihun Ɗan'azumi sai da ya tashi kajin unguwa. Da ƙyar ya zame, ya fita a guje da ƙafa biyu lafiyayyu, ya tsallake katangar Gwaggo Hajo. Ashafa ya shafa gemu ya ce Alhamdulillahi, a shekarunsa na ɗori bai taɓa ganin wanda ya warke da wuri haka ba. Washegari Ɗan'azumi ya fito da takunsa, Gwaggo Hajo ta ce ai ga irinta nan, bai bari an gama ba.

Saura gwajin basira, shi ma daga cikin rake ya samo shi. Wata la'asar ya hango an shimfiɗa tabarma, samari sun zauna. Kofur ya ɗago wata ƙwarya sama, ya sake ta, ta tarwatse, wani saurayi ya durƙusa yana haɗawa. Da ya gama aka sake ɗagawa, aka sake saki. Ƙwaryar nan dama Kofur ya yayyanka ta da wuƙa tun tuni, tafin hannunsa ne kawai ke riƙe da ita, amma daga ƙetaren rafi wa zai ga haka? Ɗan'azumi ya gyaɗa kai. Gwajin kashi biyu ne ashe, a fasa, sannan a haɗa. Kuma ya lura ba a barin yaran su fasa da kansu, sai malami. Wato fasawar ita ce ta manya.

Ya fara da ƙwaryar furar Zulai. Ta fasu yadda ake so, haɗuwar ce ta ƙi. Ya nemo ƙaro ya narka, ya liƙa, abin da ya fito ya fi kama da kunkuru. Zulai ta juya shi a hannu, ta ce, "Maigida, a barikin da wannan za mu riƙa shan fura?" Ya ce a bariki da kwanon sha na ƙarfe ake sha, ta daina tunanin ƙauye. Ta tattara sauran ƙoranta ta kai ɗakin Gwaggo Hajo ajiya. Bai ji haushi ba, don dama ƙwarya ta yi masa sauƙi. Ya koma kan tulu. Tulun da ya fi kusa kuwa na Gwaggo Hajo ne, wanda take ajiyewa a ƙofar gida don masu wucewa. Ta fito ta same shi zaune cikin caɓi yana jera gutsattsarin tulun a kan cinyarsa, ya ce mata kada ta taka, tana tsaye ne a kan wuyan tulun. Abin da ta gaya masa ranar, har 'yan mata sun mai da shi waƙar daka.

Kafin mako ya zagayo, duk gidan da aka hango Ɗan'azumi ya doso, sai ka ji mata suna kiran a shigar da tukwane. Shi kuwa cewa yake yi tsoron basira ne ke damun mutanen Dandamisa.

Ana jibi za a tafi Ikara, Kawu Inuwa da Tukur suka tafi suna a Paki, aka dakatar da matsa na yini guda. Ɗan'azumi ya zo wucewa ya ga inji tsaye shi kaɗai, doki yana cin harawa a gefe. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce a ransa ƙwarya da tulu wasan yara ne, soja da ƙarfe yake aiki. Inji kuma ai ba rake ba ne, rantsuwa ba ta hau kansa ba. Ya shiga zauren Kawu ya ɗauko sifana.

Kwancewar ta yi daɗi ƙwarai. Kafin azahar babu abin da ya rage a tsaye, ƙarafa sun bazu a ƙasa kamar kayan 'yan koli. Mayarwa ce ta kai shi har rana ta yi ja. Da ya gama, inji ya tsaya kamar yadda yake, sai dai ga wasu noti da wani ƙarfe mai haƙora sun rage a hannunsa. Ya duba sama, ya duba ƙasa, bai ga inda suke shiga ba, ya ce Turawa ne da ɓarna, sun zuba abin da ba a bukata. Ya tura su ƙarƙashin tuƙar raken da inji ya matse.

Da safe Kawu Inuwa ya sa aka ɗaura doki. Ɗan'azumi ya zo ya tsaya daga nesa, hannu a baya, yana jiran a ce yau injin ya fi laushi. Aka kaɗa doki. Dokin nan da ya shekara yana jan nauyi, yau ya ji wayam a bayansa, sai ya ɗaga kunne ya kama sukuwa. Itacen sama ya riƙa wulwulawa, ƙarafan ƙasa kuwa ko motsi. Zagayen farko itacen ya ɗauke hular Kawu, na biyu ya kifar da kwanon ruwan rake, Tukur ya kwanta rub-da-ciki yana salati. Can sai babban ƙarfen ya karkata, ya faɗi tim, ya gangara ya tsaya a gaban Ɗan'azumi kamar ya san mai shi.

Ba wanda ya tambayi wanda ya yi. Kawu Inuwa ya ɗauki hularsa, ya karkaɗe, ya dubi raken da aka sare wanda zai fara tsami in bai shiga inji ba. Ɗan'azumi ya ce kada Kawu ya damu, da zarar ya sa kaki zai turo makanikan soja su gyara kyauta. Kawu ya sunkuya ya zaɓi rake mai kauri. Ɗan'azumi ya ga ba shan sa zai yi ba, ya ce bari ya kama hanyar Ikara tun yau, don ya samu gaban layi.

Ranar gwaji filin bayan garin Ikara ya cika. Samari daga Malikanchi, daga Paki, daga Kudan, har da na ƙasar Makarfi, ga 'yan kallo, ga masu tallan gyaɗa. Wani Saje mai gashin baki shi ke gudanar da komai. Aka auna tsawon Ɗan'azumi ya kai, aka auna ƙirji ya kai, har ya juyo yana duban jama'a ko akwai ɗan Dandamisa da zai kai labari. Sannan Saje ya ce kowa ya taka daga nan zuwa gindin tsamiyar can, ɗaya bayan ɗaya.

Da aka zo kansa ya ja numfashi. Ya jefa ƙafar dama, ya jawo ta hagu a miƙe, ya nutsar da kafaɗa, ya ɗago. Bai taɓa yin takun ya yi kyau kamar ranar ba. Fili ya yi tsit, sannan dariya ta ɓarke daga wajen masu gyaɗa ta zagaye ko'ina.

Saje ya ce, "Kai, wa ya sa gurgu a layi?"

"Ranka ya daɗe, ba gurgunta ba ce, takun manya ne. Waɗannan da ka gani duk ba su kai nan a karatu ba."

A gefen fili kuwa Kofur Ilisha na tsaye da samarinsa, ya rako su. Ya ga tafiyarsa ta fito daga cikin layi tana nufo shi, har da nutsewar kafaɗa. Ya gane fuskar, yaron nan ne da ya ƙi fartanya. Ransa ya ɓaci, don a ganinsa yaron ya zo ne ya kwaikwaye shi a bainar jama'a. Ya nuna shi da sanda ya ce wa samarin su kamo masa shi.

Ɗan'azumi ya ga ƙarti sun taso, hannuwansu duk kanta saboda noman dankali. Nan take takun manya ya bar jikinsa. Ya zura da gudu, suka bi. Ya zagaya fili, ya tsallake tiren mai gyaɗa, ya ratsa tsakanin motar soja da tsamiya, ya sake zagayowa, babu wanda ya ko taɓa rigarsa. Saje ya tsaya yana kallo yana murza gashin baki. Da ya ga samarin sun fara haki, sai ya busa usur, ya sa aka kawo Ɗan'azumi gabansa.

Nan aka warware zance. Ɗan'azumi ya faɗi gonar rake, ya faɗi ƙetaren rafi, yana faɗa yana ƙara gishiri, wai ko Kofur da ya yi yaƙi bai taɓa gano maɓoyarsa ba. Kofur ya saurara har ƙarshe, fushin ya sauka, ya ɗage wandonsa ya nuna tabon gwiwa.

"Yaro, da ka yi mini kunya ɗaya ta dankali, da na gaya maka wannan ba a koyonta. A yaƙi aka ba ni ita, kuma ban roƙa ba."

Saje ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ko ma dai mene ne, ƙafar da ta tsere wa samarin nan soja na son ta. Tsawo ya yi, ƙirji ya yi, gudu ya yi, saura kai. In ya haye wannan, yau zai kwana a mota zuwa Zariya. Ɗan'azumi ya ji kamar an riga an sa masa kakin. Ya waiwaya ya ce wa na bayansa su buɗe ido su koya, ba kullum ake samun irin wannan a kyauta ba.

Aka kai shi gaban tebur. Saje ya ɗauko wani allon katako mai sheƙi, an fafe ramuka a jikinsa, kowane rami da ɗan katakon da ke zaune a ciki daram, wani zagayayye, wani mai kusurwa, wani kamar jinjirin wata. Yadda ake yi, Saje zai juye 'yan katakon a kan tebur, mutum ya mai da kowanne raminsa. Ya ajiye allon, ya ce, "Wannan za ka haɗa," ya juya zai karɓi agogo a hannun wani soja.

Ɗan'azumi ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka. Ni na wuce a fasa mini."

Ya ɗaga allon sama da hannu biyu, ya zaɓi wani dutse da ke gefen tebur, ya maka shi da iyakar ƙarfinsa. Allon ya dare, ya sake darewa. Jinjirin wata ya yi tsalle ya faɗa cikin jama'a. Ɗan'azumi ya durƙusa cikin natsuwa, ya zaro ƙullin ƙaro daga aljihu, ya ce a taimaka masa da ɗan garwashi, kuma kowa ya ja baya kada a taka masa aiki.

Saje ya dubi gutsattsarin allon a ƙasa. Da ya buɗe baki, da jama'a ya yi magana. Ya ce allon nan shi kaɗai suka zo da shi. Duk wanda bai yi gwaji ba sai ya zauna nan cikin rana, har mota ta je Zariya ta dawo da wani. Wani gunaguni ya tashi daga layi, irin wanda ake ji kafin a fara jifa. Samarin Kofur, waɗanda suka yi makonni suna biya da gadon baya, suka fara matsowa.

Saje ya dafa kafaɗar Ɗan'azumi ya juya shi, ya nuna masa hanya. "Ka ga hanyar can? Yi takun da ka ga dama, na manya ko na yara, amma ka yi shi da sauri."

A bakin fili ya ci karo da Kawu Inuwa a kan dokin inji, wanda yanzu ba shi da aikin yi, Tukur na riƙe da linzami. Sun biyo shi ne su ga ƙarshen abin, kuma sun gani tun daga farko. Tukur ya ƙame ya sara masa, ya tambaya ko yanzu za a fara goge takalmin ko sai an isa gida. Kawu ya ce ba dogon zance. Maƙerin da ya san injin nan yana Kudan, kuma ƙarfe ba ya tafiya da kansa. In ƙarfe ya isa Kudan ya dawo, akwai tuwo. In bai isa ba, maganarsu ta farko tana nan.

Washegari da sassafe aka ga ayari ya fita daga Dandamisa. Ƙananan ƙarafa a kan jaki, har da waɗanda aka tono daga ƙarƙashin tuƙa, babban kuwa a kan Ɗan'azumi, bisa gammon da Zulai ta naɗa masa. Kawu na biye a kan doki. Labari ya riga su gaba, duk ƙauyen da suka ratsa sai an fito ana tambayar soja ina kaki. Daga ƙarƙashin ƙarfe yake amsawa, wai cewa aka yi ya dakata tukuna, sai an sassaƙo allon da zai iya ɗaukar hannunsa.

Rana ta take suka isa maƙerar Zainulabidin, wani dattijo marar yawan magana. Aka sauke kaya a gabansa. Ya juya wannan, ya juya wancan, ya ga notin da aka ɗaure a baibai, ya ga inda aka daki haƙori da dutse don ya shiga. Ya tambaya wane ne ya yi wannan aiki.

Kawu ya buɗe baki, amma Ɗan'azumi ya riga shi. Wuyansa ya sage, gumi na zuba, duk da haka sai da ya ɗaga ƙirji.

"Ni ne, Baba. Kuma ba wanda ya koya mini, ko anini ban biya ba."

Maƙerin ya sake duban ƙarfen, ya gyaɗa kai.

"Ai ya nuna," in ji shi.